Malamar Lissafi da Hayaƙin Kamfanin Sabulu

Har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, a gidansu ba wanda ya daina kiranta Auta. A makarantar sakandare kuwa Malama ce, malamar lissafi ta manyan aji, wadda ko shugaban makaranta ba ya shiga ajinta sai ya yi sallama ya jira amsa.

Mahaifinsu mai gyaran risho ne da fitila. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, kullum cikin warin kananzir, lagwani na rataye a ƙusa kamar igiyar shanya. A nan ita da Yayanta suka yi wayo. Shi Yaya tun yana ƙarami duk abin da ya kama sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ita kuwa sai ta zauna a kan gwangwani tana damun tsohon da tambaya: me ya sa wutar wannan risho shuɗiya ce, ta wancan ja? Wa ya ce huda kaza za a yi a jikin murfin? Tsohon yakan gaji ya ce, "Wannan duk hannu ne, wannan duk kai. Ni dai Allah ya haɗa ni da aiki."

Yaya ya gaji shagon, ya rushe bangon baya ya mai da shi wurin walda. Auta ta bi boko har jami'a, ta karanta lissafi. A shekararta ta ƙarshe ta faɗa son wani reshe nasa, wanda ake koya wa kwamfuta ta lalubo hanya mafi dacewa a cikin hanyoyin da suka fi ƙarfin ƙirgen mutum. Malaminta ya so ta zarce, har ya fara nema mata gurbi. Sai mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu ta kwanta jinya, gida yana neman mai tallafa masa. Ta karɓi aikin koyarwa da niyyar ta riƙe shi kafin abubuwa su daidaita. Abubuwa suka daidaita, amma ita tana nan riƙe da alli. Ta auri wani direban motar asibiti, mutum mai barkwanci, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma. Ba ta taɓa cewa ta yi asara ba, don tana son ajinta. Sai dai littattafan nan na jami'a ta hana kowa ya taɓa mata su, suna saman kabad cikin kwali.

Bayan katangar makarantar akwai kamfanin sabulu. Tun da daɗewa suke maƙwabtaka lami lafiya, in ban da ɗan ƙamshin turare da kan ƙetaro. Sai kasuwa ta buɗe wa kamfanin, suka sayo wata ƙatuwar tukunyar tururi ta hannu, mai cin baƙin mai. Daga ranar da aka kunna ta bututun hayaƙinsu ya fara aman wani abu baƙi ƙirin, mai kauri kamar a yanka da wuƙa. Ajin Malama yana bene, tagoginsa suna kallon bututun. In an rufe taga zafi ya dafa yara, in an buɗe kunkunniya ta sauka a kan littattafai, fararen riguna su koma ruwan toka kafin a tashi. Tari kuwa ya zama kamar amshi, Malama na magana ana amsa mata.

Ranar da tura ta kai bango, jarrabawar ƙarshen zango ake yi. Wata yarinya da ke zama a layin gaba, mai ciwon asma, ta ajiye biro ta dafe ƙirji, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana busa usur. Aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa ɗakin magani. Da Malama ta tabbatar yarinyar ta farfaɗo, ko hannunta ba ta wanke ba ta zagaya katanga ta nufi ƙofar kamfanin. Mai gadi ya buɗe baki zai tambaye ta wurin wa ta zo, ya dubi fuskarta, ya fasa.

Ta zaci za ta tarar da wani mai tumbi yana juyi a kujera. Sai ta iske manajan ɗan siririn mutum, idanunsa sun faɗa, ya zauna ya yi tagumi. Ya bar ta ta zazzage duk abin da ke cikinta, sa'an nan ya ce, "Malama, duk abin da kika faɗa haka ne. Hukumar muhalli ma ta riga ki zuwa. Sun ce ko mu gyara ko su garƙame mana ƙofa. Sabon bakin wuta sai daga waje, masu kamfani sun ce ba za su iya ba. In aka rufe, mutanen da kika wuce a tsakar gida duk sun koma zaman kashe wando. In kina da wata dabara, ga fili ga mai doki."

Shi gatse ya yi. Ita kuwa sai ta ce, "Mu je in ga wutar."

Ɗakin tukunyar yana can ƙarshen kamfanin, rufinsa dogo, bangonsa ya yi baƙi har ba a gane launin fentin. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa saboda rurin fanka. Mai kula da wurin wani dattijo ne da ma'aikata ke kira Sarkin Wuta. Gashin girarsa ya daɗe da ƙonewa, kunnensa ɗaya ya mutu, don haka ko gaisuwa da ihu yake yi. Ya nuna mata bakin wutar, wato ƙarfen da ke fesa mai ya gauraya shi da iska ya kama a cikin tukunya. Ya nuna mata inda ake ƙara iska, da inda ake ɗumama man don ya tsinke. Sa'an nan ya goge wani ɗan gilashi da gefen rigarsa ya ce ta leƙa. Ta ga harshen wuta ja-ja, yana lilo kamar mashayi, bakinsa na tofar da baƙi.

Washegari ta zo da Yaya. Ya leƙa sau ɗaya ya yi tsaki. "Wannan ai yunwar iska take ji. Ko rishon Baba in ya yi haka ka san an toshe masa hanci." Ya kwance fankar, ya kankare dattin da ya daskare a fukafukanta, ya buɗe ƙofar iska har ƙarshe. Nan da nan wutar ta miƙe ta yi haske, hayaƙin bututu ya washe. Ma'aikata suka fito suna tafi. Yaya ya goge hannu ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Auta, a wane shafi na littafinku aka rubuta wannan?"

Murnar ba ta kwana biyu ba. Jami'ar hukumar muhalli ta zo da na'urarta ta auna hayaƙi, wani ɗan akwati mai dogon tsinke da ake zurawa a cikin bututu. Tana ganin Malama ta rusuna ta gaishe ta, ashe tsohuwar ɗalibarta ce. Ta hau tsani ta zura tsinken, ta daɗe tana kallon lambobi, ta sauko jiki a sanyaye.

"Malama, baƙin ya ragu ƙwarai," in ji ta. "Amma hayaƙi iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda ba ya gani. In iska ta yi wa wuta yawa, zafinta ya yi tsanani, sai ta haifar da wata iskar guba mai cin ƙirji. Ita ce ma ta fi cutar da masu asma. Yanzu ta haura iyakar da doka ta yarda nesa ba kusa ba."

Sarkin Wuta ma ya ce tun jiya tururinsa ya ragu, tukunyar kuma tana shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, don iskar da aka ƙara tana kwashe zafin ta fice da shi ta bututu. Manaja ya zauna a kan wani durom ya ce, "Wato an gudu ba a tsira ba. A rage iska baƙi ya dawo, a ƙara guba ta hau. Gaba kura, baya sayaki."

Kowa ya yi jugum, ban da Malama. Ita zuciyarta bugawa take yi kamar ta yarinyar da aka ce ta ci jarrabawa. A rage wannan, wancan ya hau. A taɓa nan, can ya motsa. Ana neman wuri ɗaya da duka za su sauka tare. Ai wannan tsohon abokinta ne da suka rabu tun jami'a. Ta isa gida ta taka kujera ta sauko da kwalin nan, ƙura ta sa ta atishawa har maigidanta ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Hutun makaranta ya zo a kan gaɓa. Ta fara da zama da Yaya da Sarkin Wuta, suka lissafa duk abin da za a iya juyawa a bakin wutar: yawan iska, zafin mai, ƙarfin feshinsa, da karkatar wasu ƙananan fukafukai da ke murɗa iska kafin ta haɗu da man. A wani littafi ta ga ana iya raba iskar gida biyu, wata a ba wutar a gindinta, wata a sakar mata a can gaba. Yaya ya ce wannan sanabe ne, amma ya ƙera mata wani bakin wuta na gwaji mai zobe da kusoshi, wanda kowane sashe nasa ana iya matsar da shi.

Manaja ya ce, "To sai a yi ta juyawa har a dace."

"Ranka ya daɗe," in ji Malama, "in muka ce sai mun gwada kowane juyi da kowane juyi, jikokinmu ne za su ƙarasa. Abin da za mu yi, za mu gwada kaɗan, a warwatse, mu auna. Ni kuma in ba wa kwamfuta sakamakon, ta yi hasashen halin wutar, ta yi gwaji dubbai a cikinta ba tare da an ƙona ko cokalin mai ba. Sai ta ce mana ga inda ya kamata mu gwada na gaba. Mu gwada, mu gaya mata gaskiyar abin da ya fito, ta gyara hasashenta. Haka har mu isa."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Kwamfutar da take da ita tsohuwa ce, wadda take shigar da makin ɗalibai, in ta yi zafi sai an ɗora ta a kan faranti an kunna mata fanka. Rubuta manhaja kuwa ta manta fiye da rabi, abin da ta tuna ma zamani ya wuce shi. Ta koma ɗaliba, tana karatu tana kuskure tana sakewa. Da hantsi tana ɗakin tukunya, jami'ar nan tana saman tsani tana kiran lambobi, don kuwa jami'ar ta riga ta roƙi shugabanta ya bar ta ta riƙa zuwa da na'urar. Da la'asar Malama tana tsakar gida a kan tabarma, kwamfuta a cinya. Maigidanta ya dawo daga aiki wata rana ya yi sallama har sau nawa ba a amsa ba, sai ya durƙusa a gaban kwamfutar ya ce, "Ranki ya daɗe, in kin gama da ita, a taimaka a ce mata mijinta ya dawo."

Bayan gwaje-gwaje masu dama, kwamfuta ta fito da wani saiti da ta ce a nan baƙi da guba duka za su kusa ɓacewa. Malama ta zo kamfani da sassarfa, har ta sa aka kira manaja ya zo ya gani da idonsa. Ana tsakar dafa sabulu a lokacin. Yaya ya ɗaure kusoshi yadda takardar ta ce, Sarkin Wuta ya juya iska da mai a hankali. Wutar ta tsuke, ta yi wani irin haske mai kyau, ta ja da baya daga bakin ƙarfen, ta yi rawa. Sai ji kake fuf! Ta mutu murus.

Sarkin Wuta ya yi tsalle ya datse mai da saurin da ba wanda ya zaci yana da shi. Aka buɗe fanka ta kore tururin man da ya taru. Da hankali ya dawo jiki, sai Yaya ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Wallahi kwamfutarki ta fi mu wayo! Kin ce ta rage hayaƙi, ta ce a kashe wutar kowa ya huta!"

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta san gaskiya Yaya ya faɗa. Ta roƙi mafi ƙarancin hayaƙi, ba ta gindaya sharaɗin cewa wuta ta zauna da ranta, tururi kuma ya ishi aiki ba. Na'ura ba ta san kunya ba, abin da aka tambaye ta shi take amsawa. Manaja kuwa bai ga abin dariya ba, don kafin a sake tayar da tukunya sabulun da ke kan wuta ya daskare a cikin bututai, aka wuni ana sassaƙa. Ya ce, "Malama, na gode da ƙoƙari. Amma a tsaya haka nan, kada garin neman gira a rasa ido."

Sarkin Wuta ne ya tare shi a bakin ƙofa, da ihunsa na kullum. "Manaja, ni na fi kowa shan hayaƙin nan, ƙirjina ya san shi. Kafin wutar nan ta mutu na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake aikin nan. Matar nan tana kusa da wani abu. Ka ba mu ranar da ba a aiki. Ni zan zo, ba sai an roƙe ni ba." Manaja ya dubi dattijon, ya ce to, ranar hutu kaɗai, kuma in an fasa tukunya ba ruwansa.

Malama ta koma ta rubuta sharuɗɗan. Ta sa Sarkin Wuta ya riƙa gaya mata duk lokacin da wuta ta fara rawa, tana shigar da wannan ma a lissafi, har kwamfuta ta koyi inda bakin rami yake ta daina kusantarsa. Lambobi suka fara sauka, baƙi da guba tare. Suka sauka, suka sauka, sai suka tsaya cak, saura ƙiris su kai iyakar doka. Duk inda aka matsa daga nan sai abin ya ƙara lalacewa. Hutun makaranta yana ƙarewa, wa'adin hukuma yana matsowa.

"Ko iyakar ƙarfin tukunyar ke nan?" in ji jami'ar.

"Ban yarda ba," in ji Malama. "Kin ga makaho in yana saukowa daga dutse, da sanda yake lalube, duk inda ya ji gangara ya bi. In ya faɗa wani ɗan kwari a tsakiyar dutsen, ko'ina ya taɓa sai ya ji tudu, sai ya ce ya iso ƙasa. Mu ma ɗan kwari muka faɗa. Tun farko daga saitin da muka saba muka taso, shi ya sa."

Sai ta sa kwamfutar ta taso daga wurare barkatai, har da waɗanda mai hankali ba zai fara daga nan ba. Tsohuwar na'urar ta wuni tana nishi a kan farantinta. Yawancin hanyoyin suka koma kwarin da aka sani. Amma wasu suka gangara wani wuri dabam, mai zurfi sosai, kuma duk suka haɗu a can. Da ta duba saitin sai da ta cire tabarau ta goge. A gindin wuta a rage iska ƙwarai, fukafukai su karkace fiye da yadda zoben gwaji ma zai iya, sa'an nan a saki yawancin iskar a can gaba. Ta yi ta juya abin a ranta har ta ga hikimarsa. Wutar za ta fara ci a takure, ba zafi mai tsanani balle guba ta samu, murɗawar iska ta riƙe ta kada ta mutu, sa'an nan iskar gaba ta cinye sauran baƙin.

Ta zana shi ta kai wa Yaya shago. Ya ɗaga tabaran walda ya duba, ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙa mata abinta.

"Ba zan ƙera wannan ba. A shaƙe wuta a gindi? Da Baba na da rai ya ga na yi haka, da ya kore ni daga shagon nan. Wancan karon kashe wuta ta yi, wannan karon so take ta tashi da mu sama."

"Yaya, na bi lissafin ciki da bai. In akwai haɗari ni zan tsaya a gaba."

"Ke dai kin fi yarda da wannan akwatin a kan mutumin da ya tsufa a cikin wuta."

"Ba akwatin na yarda da shi ba. Gwajin da ka yi da hannunka shi na ba shi. In ƙarya ya yi, to hannunka ne ya yi ƙarya."

Yaya ya zuba mata ido. "Yau ni kike yi wa darasi? Ɗalibinki ne ni?" Ya sauke tabaransa ya ci gaba da walda. Ta ajiye takardar a kan teburinsa, ta ɗora guduma a kai don kada iska ta ɗauke, ta tafi ranta a ɓace. Ba su sake magana ba har ranar hutu ta zagayo.

Da safiyar ranar ta tafi kamfani don ta ba su haƙuri. Tana shiga ta ga motar Yaya a gindin bututu. Yana zaune a kan durom, wani abu naɗe cikin buhu a gabansa. Ya warware. Ga bakin wutar nan sabo fil, kowane fiffike a karkace daidai yadda ta zana, wajen haɗin ya goge shi sumul kamar ba walda ba. Har ya ƙara wani ɗan leɓe a gefe da ba ta zana ba, ya ce don kada zafi ya lanƙwasa zoben. "In wutar ta mutu," in ji shi, "ban san ki ba, ban san daga inda kika fito ba."

Aka ɗaura. Jami'ar ta hau tsani. Sarkin Wuta ya yi bisimilla ya kunna, hannunsa ɗaya a kan madatsar mai. Wutar ta kama, gindinta duhu-duhu, ta murɗa kamar guguwa, ta miƙe, can gaba ta buɗe ta yi haske tas. Malama ta manna ido a gilashi tana jiran rawar nan. Wuta ta tsaya kyam. Aka ƙara mata mai, ta ƙara tsawo, ba ta girgiza ba. Allurar tururi ta hau ta zauna inda ake so.

A saman tsani jami'ar ta ƙura wa na'urarta ido. Malama ta ɗaga kai ta ce, "Ke, ko kin yi barci ne?"

"Malama, sake aunawa nake yi, na zaci na'urar ce ta lalace." Sai ta ɗaga murya. "Duka biyun sun sauka! Sun wuce iyakar, sun bar ta a baya!"

Sarkin Wuta bai ji ba sai da aka maimaita masa a kunnensa mai rai. Ya cire hularsa ya jefa sama. Yaya ya juya baya yana ta goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Leɓen nan da na ƙara ne ya taimaka." Malama ta ce, "Ko shakka babu, Yaya." Ta zauna a kan bokitin yashi tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ranar aiki ta farko aka tayar da tukunya da cikakken lodi. Wajen hantsi mai gadi ya rugo ofishin manaja ya ce wasu mata sun cika ƙofa. Matan ma'aikata ne na unguwar, wasu da goyo, wasu ko mayafi ba su daidaita ba. Sun duba sama tun safe ba su ga hayaƙi ba, labari ya zaga cewa hukuma ta rufe kamfani, mazansu suna ciki sun kasa fitowa su faɗa. Manaja ya rantse musu ana aiki, suka ce bakinsa ne kawai. Sai da ya kwashe su har ɗakin tukunya, suka ji ƙasa na rawa, suka leƙa gilashi ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ce, "To ina hayaƙin ya tafi?" Sarkin Wuta ya nuna Malama ya ce, "Waccan ta cinye shi da lissafi!" Wurin ya kaure da shewa, suka yanyame ta, wannan ta riƙe hannu, waccan ta riƙe mayafi, har sai da ta roƙi a bar ta ta sha iska.

Manyan hukuma suka zo da tasu na'urar suka auna, suka janye wa'adi. Man da tukunya ke sha ma ya ragu, abin da ya sa masu kamfani, waɗanda ba a taɓa ganin ƙeyarsu ba, suka zo da kansu yin godiya. Da aka koma makaranta Malama ta shiga aji ta ce a buɗe tagogi duka. Yarinyar nan mai asma ta ƙarasa karatunta a kujerarta ta gaba. Manaja ya yi wa Malama tayin aiki da ofis mai sanyi, ta ce ta gode, tana da 'yan ajin ƙarshe da ba za ta bari a tsakiyar hanya ba.

Amma labari ba ya zama wuri ɗaya. Mai gidan burodi ya zo, sai masu wankin asibiti, sai masu narka ƙarfe. Kowace wuta da halinta, saitin wannan ba ya yi wa waccan, dole a sake gwaji daga tushe. Ba duka suka ci ba. Akwai wani tsohon murhu a kamfanin tayil da ya gagare su, bayan dogon fama ta gaya wa mai shi gaskiya cewa lissafi ba ya ɗinke ɓarakar bulo, sai dai a rushe. Sarkin Wuta kuma bai daɗe yana morar iskar da ya taya nema ba. Ƙirjinsa ya riga ya ci, ya ajiye aiki, bayan ɗan lokaci Allah ya yi masa rasuwa. Ranar Malama ba ta iya koyarwa ba.

Yanzu ta yi ritaya, maigidanta ma haka, shi ne direbansu ita da Yaya, yana tuƙi suna musu a kan wanda ya fi wani sanin wuta. Kwanan baya wani mai kamfanin takarda a wani gari ya aiko a zo a duba masa tukunya. Da motar ta tsaya ya wuce wurin Yaya da hannu biyu yana cewa, "Sannu da zuwa, Injiniya." Yaya ya nuna bayansa da babban yatsa ya ce, "Ni maƙeri ne. Ga mai aikin can." Mutumin ya waiwaya ya ga dattijuwa da tabarau da jakar kwamfuta a kafaɗa, ta riga ta isa gindin bututu tana girgiza tsani ta ji ƙarfinsa.

"Haba Mama," in ji shi, "ki bari in kira wani ya hau. Wurin nan da tsawo."

"Wanda za ka kira bai san inda nake so a auna ba," in ji ta. Ta tuɓe takalmanta ta miƙa masa. "Riƙe mini waɗannan, suna da santsi."

Ya tsaya riƙe da takalma a hannu, baki buɗe, ita kuwa ta gyara ɗamara ta fara hawa.